Yadda Za A Shirya Wa Baƙi Ganin Gari Da Damina

Wannan bayani an yi shi ne domin hakimai da magatakardansu, musamman na Tarauni da unguwanninta, watau Daurawa da Gyadi-Gyadi da maƙwabtansu. Baƙi masu zuwa Kano da yawa a wannan yanki suke sauka, domin hanyar Zariya da hanyar Maiduguri duk sun ratsa ta nan. Sau da yawa akan roƙi hakimi ya ba da wanda zai kewaya da su su ga gari. Da rani wannan ba wuya. Amma da damina, tsarin da aka rubuta ba a yi la'akari da ruwa ba yakan jawo wa baƙo wahala, ya jawo wa mai masauki kunya, wani lokaci ma har ya kai ga hasarar rai.

Halin ruwan Kano

Damina a Kano takan kama daga wajen watan Mayu ko Yuni har ƙarshen Satumba. A shekara mai matsakaicin ruwa akan sami kamar inci 30 zuwa 35, kusan sulusinsa kuwa a watan Agusta kaɗai yake sauka. Iska mai laima ce ke zuwa daga teku ta kudu maso yamma. Idan rana ta gasa ƙasa, sai wannan iska ta yi sama, gajimare ya taru. Shi ya sa a farkon damina da ƙarshenta galibi hadari kan haɗu bayan azahar ko da dare, ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi, ya zuba, ya wuce. Da marka kuwa, watau tsakiyar damina, ana iya wuni ana yayyafi ba a ga rana ba.

To, abin da wannan ke koya mana shi ne, safiya ta fi aminci. Saboda haka lalle magatakarda ya rubuta tsari biyu ga kowace rana, ɗaya na sarari, ɗaya na ruwa, ya ba baƙo duka biyun tun daren jiya. Kafin ya rubuta, ya saurari hasashen da hukumar NiMet ke bayarwa ta rediyo, ya kuma dubi gabas da idonsa.

Wuraren da za a je da safe

Duk wurin da ba shi da rufi a sa shi tsakanin ƙarfe 8 da ƙarfe 12. Gidan Zoo na Audu Bako shi ne mafi kusa da Gyadi-Gyadi, ga shi da damina itatuwansa sun yi kore shar. Daga nan sai Dutsen Dala, inda baƙo zai hangi birni duka. Amma in an ji tsawa, ko daga nesa ne, kada a hau, wanda ke sama kuma ya sauko nan da nan, gama tsawa ta fi faɗa wa wuri mai tsawo.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, ita ma ta safe ce. Da ruwa ya sauko marina kan rufe bakin rami, kuma zane ba ya bushewa sai da rana, don haka baƙon da ya zo cikin ruwa ba abin da zai gani. Ganuwa kuwa, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134), ginin ƙasa ce. A nuna wa baƙo ita daga ƙasa. Kada a bar kowa ya taka ta tana jiƙe, domin tana iya zaftarewa da shi, kuma kowane taku yana rage abin da ya saura na gadonmu.

Wuraren da za a je in hadari ya haɗu

A ajiye Gidan Makama, wanda ke kusa da fadar Sarki, domin irin wannan lokaci. Gini ne na zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), yanzu kuwa gidan ajiye kayan tarihi ne, mutum na iya yin sa'a biyu a ciki bai gaji ba. Haka nan Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Daga Tarauni ba shi da nisa. Masu bugun zane na Ƙofar Mata su ma cikin ɗaki suke aikinsu, ruwa ba ya hana a gan su.

Kasuwar Kurmi sai a yi hankali. Lungunanta matsattsu ne, ga Jakara a gefenta. In an yi ruwa mai yawa, gara a ɗaga zuwa wanshekare.

Tafiya bayan gari

Baƙi da yawa kan nemi a kai su Tiga, madatsar da aka gama a 1974 a kan Kogin Kano, kamar kilomita 70 kudu da birni. A tashi da sassafe, a juyo kafin la'asar. Magatakarda ya fara tuntuɓar ofishin hakimin can ya ji halin hanya. Dajin Falgore ya fi nisa, da damina kuma ciyawa kan yi tsawo ta ɓoye namun daji, hanyoyin ciki su yi taɓo. Wannan a bar shi sai rani.

Kada kowa ya raina ruwa. A watan Agusta na 1988, bayan ruwa mai yawa, madatsar Bagauda ta ɓalle, ta ci gonaki da gidaje. Ko a cikin gari ma, filayen da dā gonaki ne masu shan ruwa yanzu sun zama gidaje da kwalta, in kuma leda ta toshe lambatu, sai ruwa ya hau titi ya rufe bakin rami. Doka ɗaya ce: direba kada ya shiga ruwa mai gudu, ko da baƙo ya matsa masa. A tsaya a jira ya janye. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Haƙƙin talakawa

Damina lokacin noma ne. Kada a tara mutanen ƙauye da makaɗa tun safe su jira baƙon da ruwa zai iya tsarewa. In tsari ya sāke, a aika wa dagaci ko mai unguwa nan take, don mutane su koma gonakinsu. A tuna kuma Salla tana matsowa da kwana 11 kowace shekara, saboda haka wasu shekaru hawa kan faɗo tsakiyar damina, kamar Babbar Sallar 2019 da aka yi ran 11 ga Agusta. A irin wannan shekara a tanadar wa baƙi rumfa mai rufi da lema tun da wuri.

Magatakarda ya riƙa rubuta abin da ya faru a kowace ziyara: hanyar da ta cije, da wurin da ruwa ya kwanta, da sa'ar da hadari ya taso. Wannan littafi shi zai yi wa na bayansa jagora. Baƙon da ya ga rabin gari ya koma gida lafiya, shi ne zai sake dawowa ya ga sauran. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.