Dalilin Da Ke Sa Wasan Dabarun Yaƙi Mutuwa A Tsohuwar Kwamfuta

Sau da yawa nakan ji ɗalibai suna kuka da cewa sun sa wasa a kwamfuta, amma da sun danna shi sai fuskar ta yi baƙi na ɗan lokaci, sannan komai ya koma yadda yake, babu wasa babu bayani. A wannan maƙala zan ɗauki wasan Age of Empires IV, wanda kamfanin Relic ya ƙirƙira ya fito a 2021, in yi misali da shi. Wasa ne na gina gari da tara dukiya da shirya runduna, kuma a 2022 an ƙara daular Mali a cikin daulolin da ake wasa da su, abin da ya sa na ƙara sha'awarsa.

Tun da yake mu ɗaliban harshe ne, bari in bi ta hanyar da muka saba. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana da nata ƙamus na umarni. Duk manhajar da aka rubuta, da waɗannan kalmomi take yi mata magana. Masu ƙera furosesa kuwa suna ta ƙara sababbin kalmomi. Akwai rukunin umarni da ake kira SSE, wanda ya zo da Pentium III a 1999, yana sarrafa lambobi huɗu a bugu ɗaya. A 2011 sai Intel da AMD suka fito da AVX, mai ɗaukar takwas a bugu ɗaya. Wasan da ke lissafin motsin ɗaruruwan mayaƙa a kowane daƙiƙa yana son irin wannan sauri, shi ya sa aka rubuta a cikin sharuɗɗan Age of Empires IV cewa dole furosesa ta san AVX.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mutum idan ya ji baƙuwar kalma yakan kintaci ma'anarta daga jimla, ko ya ce a maimaita masa. Furosesa ba ta kintace. Da ta ci karo da umarnin da babu shi a ƙamusunta sai ta tsaya cik, Windows kuma ta rufe wasan nan take. Saboda haka ƙara RAM ko sayen sabon katin hoto ba ya magance wannan ciwo, haka ma goge wasan a sake sa shi. Asarar kuɗi da data ce kawai.

Kafin a kashe ko kwabo, sai a tabbatar da cutar. A buɗe Event Viewer na Windows a duba rahoton mutuwar wasan. Idan an ga lambar 0xc000001d, ma'anarta an ba furosesa umarnin da ba ta gane ba. Sannan a sa ƙaramar manhajar nan ta kyauta, CPU-Z, wadda ke jera rukunan umarnin da furosesa ta sani. Ko daga suna ma ana iya ganewa. Core 2 Duo da Phenom II ba su da AVX. Core i3 da i5 da i7 masu lamba uku, kamar i5-650, su ma ba su da shi; daga masu lamba huɗu irin su i5-2400 aka fara. Abin da ya fi rikita mutane shi ne Pentium da Celeron, domin Intel ta daɗe tana hana su AVX. Pentium G4560 ta 2017 ce, amma ba ta da shi. Duk mai zuwa Computer Village a Ikeja neman kwamfutar tokunbo ya riƙe wannan, kada shekarar ƙira ta ruɗe shi.

Idan furosesa tana cikin masu AVX amma wasan ya ƙi tashi, mai yiwuwa an kashe shi ne a Windows. A buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, a rubuta bcdedit /set xsavedisable 0, a kashe kwamfutar a kunna. A leƙa BIOS ma, don wasu allunan suna da makunninsa a can.

Idan kuwa babu shi tun daga ƙira, hanyoyin sun yi kaɗan. Mai kwamfutar tebur da ke da G4560 ya yi sa'a, domin zai iya cire ta ya sa i5-6500 a gurbi ɗaya. Mai laftof galibi ba shi da wannan dama, tun da a kan narka furosesar ne a jikin allo. Akwai manhajar Intel SDE da ke zama kamar tafinta, tana fassara umarnin AVX zuwa tsofaffin kalmomi, sai dai jinkirinta ya wuce a yi yaƙi da ita. Gyararrun fayilolin da ake rabawa a intanet kuwa, ni dai ba na ba da shawararsu, domin ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, ga kuma kundin digirinka a kwamfutar.

Wani lokaci masu wasan ne da kansu ke gyarawa. A 2016 No Man's Sky ya riƙa mutuwa a kan Phenom saboda rashin SSE 4.1, kamfanin Hello Games ya fitar da gyara. Amma inda aka rubuta AVX ƙarara a sharuɗɗa, jiran irin wannan jiran gawon shanu ne. Wanda ya saya a Steam zai iya neman a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14, muddin bai yi awa 2 yana wasan ba, kuma wasan da bai tashi ba ai bai ci ko minti biyar ba.