Ɗakin da majinyaci ba ya gani: Yadda ake tsabtace kayan tiyata

Idan aka fito da majinyaci daga ɗakin tiyata lafiya, likita ake yi wa godiya. Amma tun kafin ya ɗauki aska, an riga an yi rabin aikin a wani ɗaki da 'yan jinya ba sa shiga, inda ake raba almakashi da hantsaki da ƙwayoyin cuta.

Wanki ne matakin farko. Jinin da ya bushe a gaɓar almakashi garkuwa ce ga cuta, domin ƙwayar ciwon hanta nau'in B kan yi kwana bakwai cikinsa ba ta mutu ba.

Tafasawa kaɗai ba ta wadatarwa. Ruwa na tafasa ne a digiri 100, alhali wasu ƙwayoyin, irin masu haddasa sarƙe-haƙora, kan shige ɓawo mai tauri su jure wannan zafin. Maganinsu tukunyar tururi, wato otokilef, wadda Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur, ya ƙera a Faransa a 1879. Idan aka rufe ta ruf, tururi ya matsu, zafi kan kai digiri 121, a bar naɗaɗɗun kaya minti 30. Masu zuƙe iska tukuna kan kammala cikin minti uku zuwa huɗu a digiri 134.

Kayan roba da na'urorin da zafi ke lalatawa kuwa, iskar etilin oksayid ake tura musu, sannan a ba su sa'o'i su sha iska, saboda ita kanta guba ce.

Akan manna wa kowane ƙunshi tef mai sauya launi, sai dai shaidarsa ba ta wuce cewa zafi ya taɓa ƙunshin ba. Tabbaci na samuwa ne daga 'yar kwalba mai ɗauke da ƙwayoyi masu taurin rai, wadda ake dafawa tare da kayan aƙalla sau ɗaya a mako, a duba ko sun tsira.

Nan ne batun ya shafi masu riƙe da fayil ɗin kasafi. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar dafawa, sai an soma daga farko. Ruwa mai gishiri-gishiri kuma yakan toshe bututun tukunyar. Sayen na'ura sau ɗaya ne, amma man janareto, tataccen ruwa, kwalaben gwaji da kuɗin mai gyara buƙatun kowane wata ne. Jami'in da ya soke su daga kasafi, wataƙila ɗan'uwansa za a shigar ɗakin tiyatar gobe.