Dasa Zanen Gida a Cikin Hoton Fili: Misali Daga Agbalépédo

Mai fili a unguwar Agbalépédo da ke birnin Lome, musamman ɗan kasuwar da ke fatauci a wata ƙasa yana aiko da kuɗi gida, yakan so ya ga gidansa a tsaye tun kafin a haƙa harsashi, shi ya sa masu zanen gini, waɗanda makarantar EAMAU ta Lome ke horar da irinsu tun shekarun 1970, suke ƙera surar gidan a kwamfuta sannan su dasa ta cikin hoton filin na ainihi.

Aikin yana farawa da daidaita kyamara. A hoto, layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kamar saman katanga da gindinta, suna ƙara matsowa har su haɗu a wuri guda, kuma da wannan mahaɗa manhaja irin SketchUp take gano inda mai ɗaukar hoton ya tsaya. Idan aka kuskure nan, sai a ga gidan yana reto bai zauna a ƙasa ba.

Amma inuwa ce ta fi tona asirin hoton haɗi. Lome tana kimanin digiri 6 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, saboda haka rana takan tsaya daidai tsakar ka a farkon Afrilu da farkon Satumba, kuma tsakanin lokutan nan inuwar tsakar rana kudu take faɗawa, a sauran watanni kuwa arewa. Wanda ya bar manhajarsa a kan lissafin ranar Faransa, inda inuwar tsakar rana ba ta taɓa yin kudu, zai fitar da gidan da inuwarsa ta saɓa wa ta turken lantarkin da ke gefensa. Hazon hunturu kuma yana dushe inuwa, jar ƙasar unguwar tana rina gindin farin bango, kuma dole zanen ya ɗauki wannan launi.

Daga ƙarshe ake yanko abin da ke gaban filin, wato wayoyin lantarki da kwata da babur ɗin haya da ake kira zemijan, a mayar da su gaban ginin. Share su domin a shimfiɗa koriyar ciyawa rashin adalci ne ga mai gida, haka nan ɓoye gidajen maƙwabta, domin ta wurinsu ne kaɗai zai gane ko tagar benensa za ta leƙa tsakar gidan wani, abin da ke jawo saɓani tsakanin maƙwabta.