Jinyar Kazar Gida Bayan Farmakin Muzuru, Kare ko Shaho

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa da wuya a shiga gidan karkara ba a tarar da akurki ba. Galibin kajin nan na mata ne da yara, kuma su ne asusun da akan buɗe in an yi baƙo, ko ciwo ya faɗo, ko za a sayi littafin makaranta. Da yake sakin su ake yi su nemi abinci da kansu, kullum suna tsakanin shaho da shirwa daga sama, da muzuru da tunku da kare daga ƙasa. Idan aka ƙwato kaza da sauran numfashi, ɗayan abu biyu aka saba yi: in an ga jini da yawa a ruga neman wuƙa, in ba a gani ba a sake ta ta bi 'yan'uwanta. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa sau da yawa hasara ke biyo bayan duka biyun, domin girman rauni a ido ba shi ne ma'aunin haɗarinsa ba.

2.0 Kowane Mahari da Irin Rauninsa

Shirwa 'yan tsaki take ɗauka, shi ya sa Bahaushe ya ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Shaho kuwa yakan far wa babbar kaza, faratansa su yage fatar baya, wani lokaci su huda ta. Kare yakan cafke ta ya girgiza, ya bar yagaggiyar fata, ko karaya, ko zubar jini ta ciki. Tunku ya fi kai wa wuya da kai.

Yagewar fata tana da ban tsoro, amma fatar kaza tana da saurin tsirowa, har rauni mai faɗin tafin hannu yakan rufe cikin 'yan makonni muddin bai ruɓe ba. Cizon muzuru shi ne akasin haka. Haƙoransa sirara ne, sukan bar 'yan huji da gashi ke ɓoyewa, alhali sun cusa ƙwayar cutar Fasturela cikin tsoka. Wannan ƙwaya, wadda ta samo sunanta daga masanin nan Bafaranshe Louis Pasteur da ya yi aiki a kanta a 1880, ita ce ke haddasa kwalarar kaji. In ta shiga jini tana iya kashe kaza cikin kwana 1 zuwa 3, ga ta kuwa an gan ta tana tsattsagar tsaba da safe.

3.0 Yanka ko Jinya

Ba kowace kaza ce ta cancanci jinya ba. Idan hanji ya fito, ko ƙashin baya ya karye har ƙafafu suka saki, ko ƙoƙon kai ya fashe, jan lokaci ƙarin azaba ne gare ta, sai a hutar da ita. Batun cin namanta kuwa yana da hukuncinsa. Aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta abin da naman dawa ya ci sai wanda aka riska aka yanka, kuma a mashhurin mazhabar Malikiyya yanka ba ya halatta dabbar da aka riga aka illata makasarta, kamar tsinkewar lakka ko hujewar hanji. Wannan fage ne na malaman fiƙihu, gare su za a koma. Amma kazar da ke iya ɗaga kai, tana buɗe ido, tana tsayuwa ko da da ɗingishi, wannan tana da rabon rayuwa.

4.0 Matakan Jinya

4.1 Sa'ar farko. Firgita da zubar jini sukan sa jikin kaza ya yi sanyi, zankonta ya koɗe. Zafin jikinta na lafiya wajen digiri 41 ne a ma'aunin Santigireti, ya ɗara na ɗan'adam, saboda haka ɗumi shi ne maganinta na farko, musamman a lokacin hunturu. A danne inda ke jini da tsumma mai tsabta na 'yan mintoci, sa'an nan a sa ta cikin kwali ko ƙarƙashin kwando, a ɗaki mai duhu da shiru. Wajen riƙo kada a matse ƙirjinta, domin da motsin ƙashin ƙirji tsuntsu ke numfashi.

4.2 Bincike da wanki. Bayan ta natsu sai a bi jikinta duka ana buɗa gashi, a duba ƙarƙashin fukafukai, da wuya, da cinyoyi. Inda aka ga huji ɗaya a nemi abokinsa a ɗaya gefen, domin muƙamuƙi biyu ke cizo. A datse gashin kewayen raunin da almakashi, a wanke da tafasasshen ruwan da ya huce, wanda aka narka gram 9 na gishiri cikin kowace lita ɗaya. Daga nan a shafa aidin da aka tsarma da ruwa, ko zuma tsantsa. Baƙin mai, da kananzir, da garin batir, waɗanda wasu kan zuba, ƙona tsoka suke yi, suna kuma da guba. Raunin cizo ba a ɗinke shi a gida, don ɗinki yana kulle ƙwayar cuta a ciki. Wanda ya yi wannan aiki ya wanke hannunsa da sabulu.

4.3 Ruwa da abinci. Ruwa ya riga abinci. A ba ta irin ruwan gishiri da sukarin da ake haɗa wa yaro mai gudawa, wato ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita ɗaya. A tsoma bakinta ta sha da kanta, kada a ɗura mata, saboda ƙofar numfashinta tana gindin harshe, ruwa na iya sarƙe ta. In ta fara ci, a jiƙa mata dusa da gero, a ƙara da dafaffen ƙwai ko gara, domin da abinci mai gina jiki ake tsiro da fata da gashi.

4.4 Ƙuda da 'yan'uwa. A lokacin zafi da damina ƙwan ƙuda yakan zama tsutsa cikin kwana ɗaya. A lulluɓe kwandon da guntun gidan sauro, a duba raunin safe da yamma. Haka kuma a nisanta ta da sauran kaji, don al'adarsu ce su sassari duk inda suka ga ja, har su kashe ta. In kwanci take yi, a mayar da ƙwanta ƙarƙashin wata mai kwanci kafin su yi sanyi, a samu su cika kwanansu 21.

4.5 Magani. Duk kazar da muzuru ko kare ya huda tana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta tun ranar farko, kuma malamin dabbobi ne zai zaɓa ya auna. Fasa kafson mutane cikin kasko bisa kintace ba ya warkarwa, sai dai ya koya wa ƙwayar cuta jure wa magani. Kowane magani yana da adadin kwanakin da ba a cin ƙwan kaza ko namanta bayan an gama shi, wajibi ne a tambaya a kuma kiyaye. Wari, ko kumburi mai tauri, ko ƙin ci da rufe ido, alamu ne na a koma wurin malamin ba da jinkiri ba.

5.0 Komawa Cikin Garke

Daina ƙwai na 'yan makonni bayan farmaki ba abin damuwa ba ne. Sai raunin ya bushe, ba sauran ja a fili, za a mayar da ita. A fara kife ta da kwando a tsakar gida kwana 2 ko 3 su saba da ganinta, sa'an nan a sa ta cikin akurki da dare. Kafin haka a toshe kafar da maharin ya bi, domin wanda ya ɗanɗana zai dawo.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa kayan jinyar nan, wato gishiri, da zuma, da kwando, da gidan sauro, suna nan a kusan kowane gida. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin wane rauni ne na yanka, wane ne na wanki, wane ne kuma na malamin dabbobi. Muna ba da shawara ga malaman aikin gona a kwalejojin ilimi da su sa wannan cikin darussan aikin hannu, kuma a koyar da shi da Hausa, domin ɗaliban da muke horarwa su ne za su kai shi ga yaran firamare, yaran kuma su kai wa iyayensu mata, masu kajin.