Mai doguwar suma yana jin mu kuwa?

Jama'a, in ɗan'uwa ya faɗa doguwar suma bayan haɗarin babur, tambayarmu ɗaya ce: yana jin mu?

Akwai awon da ke taimaka wa likitoci. Ana manna masa wayoyi a fatar kai, a riƙa kunna ƙara iri ɗaya, jefi-jefi a sako wata daban. Ƙwaƙwalwar da ta lura takan amsa cikin kusan sulusin daƙiƙa. Sunan amsar P300.

Ganinta alama ce mai ƙarfafa zaton farfaɗowa. Amma rashinta ba ya nufin a fid da rai, don maganin barci ko raunin kunne kan ɓoye ta. Shi ya sa likita ke haɗawa da hoton ƙwaƙwalwa da duba jiki. Kada mu yanke ƙauna kan awo ɗaya.