Kafin Ciwo Ya Kwantar da Kai, Wane Ne Likitanka?

Tambayi magidanci a Kano ko Zariya wane ne telansa, zai faɗa maka sunansa da layin da shagonsa yake. Tambaye shi bakanikensa, zai karanto maka lambar waya da ka. Amma ka ce masa wane ne likitansa, sai ya dube ka kamar ka yi masa mugun baki: "Likita kuma? Ai ni lafiyata ƙalau, alhamdulillahi."

A wurin yawancinmu, likita mutum ne da ake nema ran da abu ya ɓaci. Kafin a kai gare shi an bi ta kemis ɗin bakin layi an ce a haɗa na zazzaɓi da ciwon jiki. An kira wani ɗan unguwa mai aikin asibiti ya zo gida ya ɗaura ƙarin ruwa. An sha jiƙe-jiƙen da inna ta aiko, an yi ɗan gwaji an ce maleriya ce da taifod. Sai abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sannan a nemi mota a nufi asibiti, sau da yawa cikin dare. Likitan da ke bakin aiki a wannan dare bai taɓa ganin marar lafiyar ba. Bai san yadda jininsa yake lokacin da yake ƙalau ba, bai san abin da ya sha ba, masu rakiya kuma kowa da irin labarin da yake bayarwa. Da lalube zai fara, a sa'ar da jinkirin minti goma ma asara ne.

Matsalar wannan hanya ita ce cututtukan da suka fi kwantar da manya a yau ba sa yin sallama. Hawan jini yakan yi shekaru a jikin mutum yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa, ba ciwon kai ba jiri. Mutane da yawa sun ɗauka sai kai ya yi nauyi ko an shiga tunani jini ke hawa, don haka in ba su da damuwa sai su ce ba su da shi. Damuwa tana ɗaga jini na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, amma gado da shekaru da ƙiba da yawan gishiri sun fi ta tasiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin manyan da ke da hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. Wasu a ranar da ɓarin jiki ya shanye suke sani, wasu a ranar da aka ce ƙoda ta gaza. Ciwon suga ma haka yake tafiya a ɓoye, haka ciwon hanta nau'in B, wanda mutum kan ɗauka tun yana jariri ya girma da shi ba alama har hanta ta lalace.

Wanda zai kama irin waɗannan tun da wuri shi ne likitan da yake ganinka kana tafiya da ƙafarka. A fannin likitanci akwai reshe guda da aka ware don wannan aiki, wato likitancin iyali. Bayan digiri, likita yakan ƙara shekaru yana samun horo a kansa har ya zama ƙwararre, daidai da yadda wani ke ƙwarewa a zuciya ko ƙashi. Aikinsa ya duba yaro da babba, mace da namiji, ya magance abin da zai iya, abin da ya fi ƙarfinsa ya san ƙofar da zai tura ka. A asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, likitocin iyali ne ke riƙe da sashen da ake kira GOPD, inda marar lafiyar da ya zo daga gida ke fara tsayawa.

Sai dai kada mu yaudari kanmu. Likitoci sun yi kaɗan a Arewa, waɗanda ake da su kuma wasu suna ta ficewa ƙasashen waje. A asibitin gwamnati mai cunkoso, wanda ka gani yau ba lalle shi za ka gani wata mai zuwa ba. A ƙauyuka da yawa ma babu likita kwata-kwata, jami'in lafiyar al'umma ne ko nas ko ungozoma ke riƙe da ƙaramin asibitin, haka abin yake a cibiyoyin lafiya na CSI da dama a Nijar. Don haka in ba ka sami mutum ɗaya ba, ka sami wuri ɗaya. Ka yanki kati, a buɗe maka fayil, ka riƙe lambar, duk abin da ya taso ka koma can. Fayil ɗin da ke nuna awon jininka na bara da na bana ya fi maka amfani a kan ganin babban farfesa sau ɗaya a rayuwa. Masu inshora kuwa wannan zaɓi yana hannunsu tun ranar rajista. A ƙarƙashin hukumar NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, da hukumomin jihohi irin KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, ana tambayar mutum asibitin da zai riƙa fara zuwa, daga nan ake tura shi gaba in da buƙata. Mutane da dama sunan asibitin da ya fi girma suke rubutawa, ko da yana can ƙarshen gari. A ganina kuskure ne. Asibitin da sai ka hau Keke Napep biyu ka kwana da shirin bin layi, ba za ka je shi don awon jini kawai ba.

Kusanci ke nan. Bayan shi sai tabbatar da cewa wanda ake kira "dakta" likita ne, domin a unguwanninmu duk wanda ya rataya abin sauraren ƙirji ya zama dakta. Likitan gaske yana da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, yana kuma sabunta lasisinsa duk shekara. Asibitin kuɗi ma yana da takardar izini daga hukumar jiha, kuma ba rashin kunya ba ne ka nemi ganinta.

Sauran halayensa kuwa a zuwan farko ake gane su. Ka lura ko ya bar ka ka gama maganarka kafin biro ya hau takarda. Ka lura ko ya tambayi ciwon da ke gidanku, abin da ya kwantar da mahaifi ko mahaifiya, ko ya sa hannu ya duba ka. In ya rubuta magani, ya faɗa maka sunan ciwon da sunan maganin? Akwai wuraren da ake ɓare ƙwayoyi daga kwalinsu a zuba a 'yar farar leda, a rubuta "2-2-2" kawai, don kada ka san abin da aka ba ka ka saya a waje. Wannan a wurina ya isa dalilin sauya wuri, domin ran da maganin ya ƙi ka, ba wanda zai san me ka sha. Haka wanda duk zuwa sai allura da ƙarin ruwa. Mun saba ɗaukar wannan a matsayin iya aiki, alhali yawancin ciwon yau da kullum ƙwaya ta ishe shi. Likitan da zai ce maka "wannan ba fannina ba ne, bari in tura ka wurin wanda ya fi ni sani", shi ne abin riƙewa. Mace da ta fi sakewa da likita mace ta faɗa tun a wurin yankan kati. In babu, tana da damar neman nas mace ta tsaya a ɗakin lokacin dubawa.

To, an sami likita. Me ke hana zuwa?

In ka matsa wa mai ƙin asibiti da tambaya, daga ƙarshe zai ce: "Kada a je a tono mini ciwo." Wannan shi ne babban tsoron, ya fi na allura nesa ba kusa ba. Kuma akwai dalili a bayansa. Kusan kowa ya san wani da aka kai asibiti aka faɗa masa mummunan labari, bai daɗe ba ya rasu. Sai zuciya ta haɗa zuwan da mutuwar. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, wancan bawan Allah ya je ne bayan ciwon ya gama cinye shi. Gwaji ba ya saka wa mutum abin da babu a jikinsa. In hawan jini ne, yana nan yana aikinsa ko an auna ko ba a auna ba. Bambancin kawai, wanda aka gano nasa da wuri ƙwaya ɗaya ko biyu zai riƙa haɗiya da safe, ya rage gishiri, ya ci gaba da harkokinsa. Wanda ba a gano ba, yana iya ƙarewa a kan injin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, a sayar da gona a sayar da fili. Masu cewa ai sun dogara ga Allah, ban taɓa jin malamin da ya ce neman magani ya saɓa wa tawakkali ba.

Wannan tsoro yana da lokacin da ya fi muni. A Kano, tun 2024 doka ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da jinin sikila kafin ɗaura aure. Matasa da yawa wannan ne gwajinsu na farko a duniya, ana yinsa kuma bayan an kai lefe an sa rana, idon dangi biyu yana kan takardar. Da saurayi da budurwa kowa ya san ko AA ne ko AS tun kafin maganar aure ta yi nisa, da ba a zubar da hawaye da yawa ba.

Sai kunya. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida, amma a ɗakin likita su biyun tare suke shiga. Dattijon da fitsari ke yi masa wuyar fita zai zauna ya yi ta labarin ciwon baya. Matar da ta ji ƙullutu a mama za ta ce zazzaɓi ne ya kawo ta. Likita ba ɗan duba ba ne, abin da ka faɗa shi ne rabin aikinsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya rufe sirrin marar lafiya, sai da izininsa ko umarnin kotu ko in akwai haɗari ga jama'a. In bakinka ba zai iya furtawa ba, ka rubuta a takarda tun daga gida ka miƙa masa. Kuma ka zo da duk abin da kake sha a leda, har da na gargajiya, har da maganin basir na 'yan tallar mota da na ƙarin kuzari. Magungunan ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen, waɗanda wasu ke sha kullum bayan aikin ƙarfi, suna ɗaga jini suna kuma taɓa ƙoda, don haka ɓoye su yana iya karkatar da likita. Wasu ma'aikatan suna da faɗa, ba a musu, musamman in layi ya yi tsawo. Zuwa da ɗan uwa mai natsuwa yana rage wannan, ya kuma riƙe maka abin da aka ce in kanka ya ɗauki zafi.

Ita kanta dubawar ba wani abu ba ce mai yawa. Za a auna nauyi da tsawo. Za a ɗaura maka robar awon jini a damtse, ta matse na 'yan daƙiƙoƙi ta saki. Kafin nan ka zauna kamar minti 5, bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur, ba magana. Kada ka ci goro ko ka sha kofi ko taba minti 30 kafin awo. In an samu 140/90 ko sama, ba shi ke nan an yanke maka hukunci ba. Akwai mutanen da ganin likita kawai ke sa jininsu ya tashi, su koma gida ya sauka, har likitoci suna kiran abin hawan jinin farar riga. Shi ya sa ba a tabbatar da ciwon da awo ɗaya, sai an maimaita a wata rana, ko a ce ka riƙa aunawa a gida safe da yamma kana rubutawa. Ka faɗa wa mai awon cewa gabanka na faɗuwa, ba sabon abu ba ne a wurinsa.

Gwajin suga yakan buƙaci ka kwana ba ka ci komai ba na aƙalla awa 8, ruwa kawai. In ya kai 7.0 a ma'aunin mmol, ko 126 a ma'aunin mg, ana maimaitawa kafin a ce ciwon suga ne. Jinin da ake ɗiba bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba, daga jikin da ke ɗauke da kusan lita 5, don haka maganar "sun zuƙe mini jini" ba ta da tushe. Wanda ya san yana jin jiri in ya ga allura ya nemi a kwantar da shi kafin a ɗiba, ya kau da kai, ya ja numfashi a hankali. Sai gwajin fitsari, da na ciwon hanta, wanda in an ga ba ka da shi akwai rigakafinsa allura uku. Mata daga shekara 30 akwai gwajin sankarar bakin mahaifa. Wanda ya haura 40 ya sa a auna masa ƙarfin ruwan ido, domin gilakoma tana cin gani daga gefe ba tare da zafi ba, abin da ta ci kuma ba ya dawowa.

Game da kuɗi, ba kowane gwaji ne kowa ke buƙata ba. Tallan "duba jiki gaba ɗaya" mai gwaji talatin da hotuna kala-kala yakan cinye kuɗi, ya kuma tono ƙananan abubuwa marasa illa su hana mutum barci. Likitan da ya san shekarunka da tarihin gidanku zai zaɓar maka uku ko huɗu da suka dace, in aljihu bai kai ba ka tambaye shi wanne za a fara yi, wanne zai iya jira. Kafin ka tashi ka tabbatar ka ji ma'anar sakamakon da ranar dawowa, takardun kuma ka adana su wuri ɗaya ko ka ɗauki hotonsu a waya. Masu suga da hawan jini su sa wata ziyarar a watan Rajab ko farkon Sha'aban, don a daidaita musu lokutan shan magani kafin azumi.

Duk wannan magana ce ta wanda ke kan ƙafarsa. In baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi farat ɗaya, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe da zufa da sarƙewar numfashi, ko mai ciki ta ga jini ko ta yi jijjiga, ba a jiran likitan da aka saba da shi, ba a jiran gari ya waye. Sashen gaggawa na asibiti mafi kusa za a nufa, a tafi da katin da ledar magungunan.