Gogar Mota Da Inji: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Ranar da ɗan ƙanwata ya same ni a gida a Tudun Wada, ya durƙusa ya ce, "Kawu, so nake ka taimaka mini da jarin sayen injin goge mota," ban ba shi amsa nan take ba. Sai na kama hannunsa muka fita ƙofar gida, na nuna masa murfin injin motata, inda har yau akwai wani tabo fari-fari mai faɗin tafin hannu. Na ce masa kafin mu yi maganar kuɗi, sai ya ji tarihin wannan tabo.

Shekaru uku ke nan da na kai motar wani wurin wanki, yaron wurin ya ce da ni, "Alhaji, bari a yi mata folish ta dawo sabuwa." Na amince, na koma inuwa na zauna. Ashe abin da ya ɗauko giranda ce, irin wadda masu walda ke yanka ƙarfe da ita, ya ɗaura mata faifan gashin tunkiya. Giranda kuwa tana juyawa fiye da sau 10,000 a minti ɗaya, alhali injin da aka ƙera domin fenti ba ya wuce kimanin sau 3,000. Kafin in ankara fenti ya ƙone. Yaron ya ba ni haƙuri, na haƙura, domin na lura ba mugunta ba ce, haka ya ga ana yi shi ma ya ɗauka. Amma gyaran gangar Abzinawa ya riga ya auku.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan shafin ra'ayi da gogar mota? Dalilina shi ne, tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar Naira a watan Yunin 2023, sauya mota ya gagari mafi yawan ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa. Wadda ke hannun mutum ita ce dukiyarsa, dole ya lallaɓa ta. A ɗaya ɓangaren kuma, duk wanda ya zaga Tudun Wada, Gwagwarwa, Dakata ko Hotoro zai ga yadda matasa suka rungumi wankin mota. Dukiyar wani da abincin wani sun haɗu a kan inji ɗaya, don haka ya kamata a san wane ne za a saya.

Farkon abin da na koya daga bakin wani dattijo mai fentin mota shi ne, fentin motocin zamani hawa uku ne. Akwai shafen ƙasa da ke kama ƙarfe, sai launi, sai kuma wani shafe garai-garai kamar gilashi a sama, wanda shi ne ke ba da sheƙi, yake kuma kare launin daga rana. Kaurinsu duka a haɗe bai cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba, na saman kuwa kimanin 40 zuwa 50 ne kawai, wato bai kai kaurin takardar wannan jarida ba. Abin da ake kira folish kankare wannan shafen na sama ne kaɗan-kaɗan har ya daidaita da zurfin ƙarzunan da ke jikinsa. Ke nan kowace guga tana cin wani abu da ba ya dawowa. Idan ya ƙare, sai ka ga rufin mota yana saɓa kamar maciji, kuma babu magani sai sabon fenti. Tsofaffin Fijo 504 na da, fentinsu na launi shi ne a sama, shi ya sa ake ganin launin a jikin tsumma idan an goge.

Mu kuma a Kano muna da ƙarin jarrabawa. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso mana ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Da safe sai maigida ya ce a kaɗe masa mota, yaro ya sa busasshen tsumma ya murza ƙurar a jikin fenti. Waɗannan zane-zane masu kama da saƙar gizo da ake gani a jikin baƙar mota idan rana ta haska ta, yawancinsu daga nan suke.

Da muka shiga kasuwar Sabon Gari neman inji, mun tarar da iri biyu. Na farko shi ne mai juyawa a kan ƙusa ɗaya kamar fanka, irin wanda kamfanin Makita ya yi suna da shi. Yana da ƙarfi, yana cin ƙarzuna da sauri, shi ne abokin aikin masu fenti bayan sun yi feshi sun goge da sanfefa. Illarsa ita ce yana tara zafi a wuri ɗaya, kuma idan hannu bai ƙware ba, daƙiƙa kaɗan sun isa ya cinye fenti a gefen ƙofa ko a kan bamba ta roba, ko ya bar wasu inuwoyi masu walƙiya a jikin mota. Na biyu shi ne mai juyi biyu, wanda yake zagayawa yana kuma karkaɗawa a lokaci guda, ta yadda soson ba ya bin layi ɗaya sau biyu. Idan aka danne shi da yawa sai juyin ya tsaya da kansa, wanda hakan kariya ce ga mai koyo. Faɗin karkaɗawarsa ya bambanta, akwai mai milimita 8, akwai mai 15, akwai mai 21 irin wanda kamfanin Rupes na Italiya ya yaɗa. Mai 21 yana da sauri a kan shimfiɗaɗɗen wuri kamar rufin mota, amma yana wahala a lunguna.

Yaron nawa idonsa na kan na farko, wai shi ne ke nuna mutum gwani ne. Na ce masa, "Kai da ba ka taɓa riƙe inji ba, kuma a kan motocin mutane za ka koya?" Muka tsaya a kan mai juyi biyu, mai faifan inci 5, wanda ake iya rage masa gudu da ƙarawa. Ban ce mai juyi ɗaya ba shi da amfani ba, cewa na yi lokacinsa bai yi ba.

Akwai abu biyu da mai saye a ƙasar nan ba zai manta da su ba. Wutarmu mai ƙarfin bolt 230 ce, kayan aikin da aka yi domin Amurka kuwa na bolt 120 ne. Duk wanda ya sayi na hannu bai karanta jikinsa ba, ya jona kai tsaye, to ya yi sallama da kuɗinsa. Na biyu, babban inji kan ja wat 900 zuwa 1,200, ƙaramin janaretan nan da kowa ya sani ba zai ɗauke shi ba. Haka kuma a tambayi mai shago ko ana samun gawayin injin da faifansa idan sun cinye, domin araha ba ta ado.

Sai batun soso, wanda mutane ke rainawa alhali shi ne ke taɓa fenti. Na gashin tunkiya ya fi kowanne ci, aikinsa shi ne zurfafan ƙarzuna, kuma yakan bar hazo da sai an bi da mai laushi. Na zare mai laushi yana biye masa, ya kuma fi dacewa da inji mai juyi biyu. Na soso zalla kuwa hawa uku ne: mai tauri na kankara, matsakaici na fito da sheƙi, da mai taushi na gamawa da shafa kakin kariya. Kada launi ya ruɗi kowa, kowane kamfani da nasa tsarin, ruwan ɗorawa a wajen wannan na iya zama mai ci, a wajen wancan kuma matsakaici. A karanta kwali, a kuma latsa da yatsa. Soso ɗaya ba ya gama mota, domin yana cika da mai da garin fenti, ya yi zafi, ya koma ɓarna. Mun sayi huɗu matsakaita, biyu masu tauri, biyu masu taushi.

Dattijon nan mai fenti ya zaunar da yaron ya ba shi ƙa'idoji, ni ma na amfana. A wanke mota fes kafin inji ya taɓa ta, domin ƙwayar yashi ɗaya a cikin soso ta isa ta zane ƙofa guda. Kada a goge a rana, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafin Kano ke haura digiri 40. A rufe robobi da gefuna da tef. A fara da soso da mai mafi sauƙi a ɗan ƙaramin wuri, idan bai biya ba sannan a hau sama. A riƙa yin ƙafa biyu-biyu, inji na kwance, hannu na tafiya a hankali. Ƙarzunan da farce ke maƙalewa a cikinsa ya wuce guga, a faɗa wa mai mota gaskiya. Sannan a tambaya ko an taɓa yi wa motar fenti, tunda da yawa cikin motocin Kwatano da ke hannunmu an taɓa su, kuma kaurin fentin da aka yi da hannu ba ɗaya ba ne ko'ina.

Sati uku yaron ya yi yana gwaji a kan wata tsohuwar ƙofa da muka sayo a Ƙofar Ruwa, da gangan ya ƙona gefenta don ya san inda iyaka take. Sai bayan nan na miƙa masa makullin motata. Tabon dai yana nan, amma sauran jikin ya yi kyau, kuma a yau maƙwabta na kawo masa tasu.

Kirana ga masu wuraren wanki shi ne su daina ɗora giranda a kan dukiyar mutane, su kuma tura yaransu wajen masu fenti su koya. Masu mota kuma su riƙa duba abin da aka ɗauko kafin su koma inuwa, su rage yawan folish, su hana kaɗe ƙura da busasshen tsumma. Hukumomi da masu hali da ke raba wa matasa kayan sana'a su haɗa da horo, ko na sati biyu ne, domin amanar dukiyar jama'a ce ake damƙa wa yaran nan. Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, amin.